Sana'ar rubuta ma kwamfuta umarni

1. Wa ke gaya ma na'ura abin da za ta yi?

Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijar a shekara ta 2001. Tun daga lokacin ta bazu birni da ƙauye. Mai lambu na Tabelot yana tambayar farashin albasa da ita. Direban da ke kan hanyar Arlit yana gaya ma iyalinshi inda ya kai. Ɗan kasuwar Agadas yana aika kuɗi Maraɗi ba tare da ya bar rumfarshi ba.

Wayar zamani ƙaramar kwamfuta ce. Kwamfuta, wadda ake ce ma ordinatar da Faransanci, na'ura ce mai saurin lissafi ƙwarai. Tana yin lissafi miliyoyi kafin ƙiftawar ido. Amma ba ta da wayo ko kaɗan. Ba ta san albasa ba, ba ta san hanyar Arlit ba. Abin da aka umurce ta kaɗai take yi. In an ba ta umarni mai kyau, ta yi aiki mai kyau. In an ba ta na banza, ta yi aikin banza da sauri.

In an tara umarni da yawa, suka zama aiki guda cikakke, sunan abin manhaja. Manhaja ce ke aika saƙo, ita ke nuna hoto, ita ke ƙirga kuɗi a banki. Kowace manhaja mutane ne suka zauna suka tsara ta, layi bayan layi. Wannan aiki sana'a ce kamar ƙira, ko dukanci, ko gini. Ana koyonta, ana ƙwarewa a cikinta, ana ciyar da iyali da ita.

2. Darasin maƙera

Wanda ke son ya gane wannan sana'a, ya fara leƙa maƙera. An san maƙeran Agadas da wani abin wuya na azurfa, wanda Abzinawa ke kira tenegelt. Ga yadda maƙeri ke zuba shi:

Na farko, ya siffanta abin wuyan da kakin zuma.
Na biyu, ya rufe kakin da yumɓu, ya bar ƴar ƙofa.
Na uku, ya shanya yumɓun har ya bushe.
Na huɗu, ya sa shi cikin garwashi, kakin ya narke ya fita, ya bar gurbinshi.
Na biyar, ya narka azurfa, ya zuba ta cikin gurbin.
Na shida, ya jira ta huce, sa'an nan ya fasa yumɓun.
Na bakwai, ya goge ta da magagari, ya yi mata zane.

Mataki bakwai ne, kuma kowane yana da wurinshi. In maƙeri ya zuba azurfa kafin kakin ya fita, aiki ya ɓaci. In ya fasa yumɓu kafin azurfa ta huce, ya yi asara. Irin wannan jerin matakai, mai farko da ƙarshe, wanda ke kai mutum ga biyan buƙata, shi masana ke kira algoritim. Kalmar ta samo asali daga sunan Muhammadu ɗan Musa al-Khawarizmi, wani babban masanin lissafi da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9.

Sai dai akwai bambanci tsakanin yaron maƙeri da kwamfuta. In maigida ya ce ma yaronshi: "Kawo gawayi", yaron ya san inda buhu yake, ya san yawan da zai ɗebo. Kwamfuta ba ta san komi ba. Tilas a gaya mata inda za ta duba, da nawa za ta ɗauka, da abin da za ta yi in buhun ya ƙare. Saboda haka mai rubuta manhaja yakan daddatsa babban aiki zuwa ƙananan matakai, har ba sauran abin da za a bar ma zato.

3. Duwatsun murhu uku

Tukunya tana zama bisa dutse uku. Manhaja ita ma abu uku take zaune a kai.

Dutse na farko shi ne jeri: a yi wannan, sa'an nan a yi wancan, kamar aikin maƙeri.

Dutse na biyu shi ne sharaɗi: in kaza ya faru a yi kaza, in bai faru ba a yi wani abu dabam.

Dutse na uku shi ne maimaici: a yi ta yin abu guda har buƙata ta biya. A lambunan Abzin, raƙumi ko sa mai jan wasaki yana tafiya yana dawowa, yana tafiya yana dawowa, har lambu ya ƙoshi. Wannan maimaici ne.

A ce wani mai lambu a Dabaga yana da fangali 20 na albasa, da injin jan ruwa guda. Ga aikin ban-ruwanshi a tsare:

Tada inji.
Ga kowane fangali, daga na 1 zuwa na 20:
buɗe bakinshi;
in bai cika ba, jira;
in ya cika, toshe bakinshi.
Kashe inji.

Duwatsun nan uku duka suna ciki. Tada inji kafin ban-ruwa, da kashe shi bayan an gama, jeri ne. "In ya cika" sharaɗi ne. "Ga kowane fangali" maimaici ne. Wanda ya manta layin ƙarshe, injinshi zai kwana yana aiki, mai ya ƙare, ruwa ya malale a banza. Ɗalibin da ya iya tsara aiki haka a cikin kayenshi ya riga ya fara koyon sana'ar, ko da bai taɓa taɓa kwamfuta ba.

4. Harshen kwamfuta

A cikin kwamfuta akwai ƴan mitsi-mitsin makunnai masu ɗimbin yawa. Kowane makunni ko dai yana kunne, ko yana kashe. Ana rubuta na kunne da 1, na kashe da 0. Da waɗannan alamomi biyu ake rubuta komi: lamba, harafi, hoto, har da murya.

Kowane harafi yana da lambarshi. Babban harafin A lambarshi 65. Na'ura tana ajiye shi haka: 01000001. Da farko ba a ba haruffan Hausa masu lanƙwasa lamba ba a yawancin na'urori. Sai mutum ya rubuta "baki" alhali "baƙi" yake nufi, ko ya rubuta "kare" a wurin "ƙare". A shekara ta 1991 aka fito da wani babban tsari mai suna Unicode, don a ba haruffan harsunan duniya lamba. A cikinshi akwai ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Lambar ƙaramin ƙ ita ce 409. A shekara ta 2005 aka shigar da Tifinag, rubutun Abzinawa. Shi ya sa yau ana iya rubuta Hausa da Tamajak daidai a cikin waya. Harshe ba ya shiga na'ura da kanshi, sai mutane sun yi aikin shigar da shi.

Rubutu da 0 da 1 kaɗai yana da wuya, yana kuma gajiyar da ido. Don haka masana suka ƙirƙiro harsuna na musamman, waɗanda mutum ke iya karantawa, na'ura kuma ta juya su zuwa 0 da 1. Harsunan suna da yawa. Akwai C, akwai Java, akwai JavaScript da ake aikin shafunan intanet da shi. Akwai kuma Python, wanda Guido van Rossum, mutumin ƙasar Holan, ya fitar a shekara ta 1991. Masu koyo da yawa da shi suke farawa, don yana da sauƙin karatu.

A ce mai lambun nan ya kai buhu 40 na albasa kasuwa, kowane buhu jika 15. Ga lissafin a harshen Python:

buhu = 40
farashi = 15
jimla = buhu * farashi
print(jimla)

Layi na farko ya ajiye yawan buhuna. Na biyu ya ajiye farashi. Na uku ya ninka su, don ƴar tauraruwar nan ita ce alamar ninkawa. Na huɗu ya umurci na'ura ta nuna amsa, don ma'anar kalmar print ke nan a wannan harshe. Sai kwamfuta ta rubuta 600. In gobe farashi ya sauka zuwa jika 12, layi na biyu kaɗai za a sake.

Ɗalibin ajin harshe biyu yana da sa'a a nan. Kullum yana ɗaukar magana daga Hausa ya mai da ita Faransanci, ya kuma dawo da ita. Ya san kowane harshe da dokokinshi. Mai rubuta manhaja shi ma tafinta ne: yana jin buƙatar mutane da harshensu, ya mai da ita harshen na'ura.

5. Kuskure da gyara

A ce mai rubutu ya yi sauri, ya sa alamar tarawa a wurin alamar ninkawa. Kwamfuta ba za ta yi gardama ba. Za ta tara 40 da 15, ta rubuta 55. In mai lambu ya yarda da wannan amsa, ya yi asarar jika 545, watau wahalar wata da watanni ta tafi.

Babu mai rubuta manhaja da ba ya kuskure, ko da ya shekara 30 yana aikin. Gwani shi ne mai gwada aikinshi kafin ya miƙa shi. Yakan fara da ƙaramin lissafi wanda ya san amsarshi. In buhu 2 a kan jika 10 bai ba da 20 ba, ya san akwai ɓaraka. Sai ya bi layi ɗaya-ɗaya har ya gano ta, kamar yadda magini ke bin bango yana neman tsaga kafin damina. Wani lokaci neman kuskure guda yakan ci yini ɗungum. Wannan sana'a ba ta mai gajen haƙuri ba ce. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse.

6. Wani ɗan Nijar da injin ban-ruwa

Abdu Maman Kane masanin kwamfuta ne ɗan Nijar. Ya lura da yadda masu lambu ke ɓata yini a bakin rijiya, da yadda ruwa ke zubewa a banza. Sai ya haɗa famfo mai aiki da hasken rana da wani ɗan akwati mai karɓar kiran waya. Mai lambu yana iya zama a gida ko a kasuwa, ya latsa lamba a wayarshi, famfo ya fara aiki. In ruwa ya isa, ya sake latsawa, famfo ya tsaya. Ya kafa kamfani a Yamai mai suna Tech-Innov don wannan aiki.

A shekara ta 2011 ya zo na ɗaya a wata gasa da kamfanin Orange ya shirya ma masu dabarun taimakon jama'a a Afirka. A shekara ta 2015 ya samu babbar kyautar duniya ta Sarki Hasan na II kan sha'anin ruwa, wadda ƙasar Maroko ke bayarwa.

Abin lura shi ne inda dabarar ta fito. Ta fito daga wahalar da ya gani a lambunan ƙasarshi. Umarnin da ke cikin akwatin nan ɗan'uwan wanda aka tsara a kashi na 3 ne: tada inji, jira, kashe inji.

7. Hanyar koyo

Koyon yana farawa tun daga lakwal ta firamare. Abu uku ne jarin ɗalibi: lissafi, karatu da natsuwa, da tsara tunani. Wanda ke karanta matsalar lissafi sau biyu kafin ya taɓa alƙalami yana shirya kanshi. Faransanci yana da amfani, don da shi ake karatun gaba a Nijar. Ingilishi, wanda ake farawa a kwaleji, shi ma tilas ne, don kalmomin harsunan kwamfuta da littattafansu da yawa da shi aka rubuta su.

Inda aka samu kwamfuta, yara suna iya farawa da Scratch. Wata babbar makarantar fasaha ta Amurka mai suna MIT ce ta fito da shi a shekara ta 2007. Kyauta ne, akwai shi da Faransanci, yana kuma aiki ko babu intanet. A cikinshi yaro yana jera umarni kamar tubala masu launi, ya sa wata ƴar kyanwa ta yi tafiya, ta juya, ta yi magana. Inda babu kwamfuta, allo da alli sun isa a fara.

Bayan shekara 6 ta firamare akwai shekara 4 ta kwaleji, sai shekara 3 ta lise, kamar lise Tagama ta Agadas. Mai son wannan sana'a gara ya bi sashen lissafi da kimiyya. In ya ci jarrabawar bak, ƙofofi suna da yawa. A Yamai akwai Jami'ar Abdu Mumuni mai sashen lissafi da ilimin kwamfuta, akwai makarantar injiniyoyi ta EMIG, akwai reshen makarantar IAI, wadda ƙasashen Afirka suka haɗu suka kafa a shekara ta 1971. A shekara ta 2014 gwamnati ta kafa sababbin jami'o'i huɗu, a Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Ta Doso an ba ta fannin fasahar sadarwa ta zamani.

Amma takardar shaida ita kaɗai ba ta mai da mutum gwani. Yaron maƙeri yana shekaru yana zuga, yana goge, yana ɓata kaki, kafin a ba shi azurfa. Haka mai koyon manhaja: ya rubuta ƙarami yau, ya rubuta ƙarami gobe, ya karanta aikin waɗanda suka fi shi, ya nuna nashi a gyara mashi. Da koyo akan iya.

Sana'ar nan ba ta maza kaɗai ba ce. Mace ce, Ada Lovelace ta ƙasar Ingila, ta wallafa a shekara ta 1843 jerin umarnin da mutane da yawa ke ɗauka shi ne manhaja ta farko. A lokacin ko na'urar da za ta bi umarnin ba a ƙera ba. A takarda ta yi aikinta.

8. Aiki da amana

Wanda ya ƙware yana iya aiki a banki, ko kamfanin waya, ko asibiti, ko ofishin gwamnati. Yana iya buɗe nashi kamfani. A Yamai an buɗe wata cibiya mai suna CIPMEN a shekara ta 2014, don raino da horar da ƙananan kamfanoni irin waɗannan. Yana kuma iya zama a Agadas ya yi ma mutanen wata ƙasa aiki ta intanet.

A gida ma aiki yana jira. Masu lambu suna buƙatar sanin farashi kafin su yi lodi. Maƙera da dukawa suna buƙatar hanyar nuna kayansu ga masu saye na nesa. Makiyaya suna buƙatar sanin rijiyar da ke da ruwa. Yara suna buƙatar littattafai da wasanni da Hausa da Tamajak. Baƙo daga nesa bai san waɗannan buƙatu ba kamar ɗan gari.

Jihar Agadas ta ga yadda hanyoyin abinci ke buɗewa suna rufewa. Baƙi masu yawon buɗe ido sun ragu ƙwarai tun daga shekara ta 2007. An gano zinariya a Jado a shekara ta 2014, samari da yawa suka bar karatu suka tafi. Mahaƙar yuraniyom ta Cominak da ke Akokan ta rufe a shekara ta 2021, bayan ta yi aiki fiye da shekara 40. Abin da ke cikin ƙasa yana ƙarewa. Sana'ar da ke cikin kai tana bin mai ita duk inda ya tafi.

Hanyar ba ta rasa ƙaya ba. Kwamfuta tana da tsada, wuta tana ɗaukewa, intanet yana cin kuɗi. Mai koyo yakan yi karo-karo da abokai, ko ya yi aro, ko ya rubuta a kaye ya jira ranar da zai samu na'ura. Kuma sana'ar tana sakewa da sauri. Tun daga shekara ta 2022 manhajojin da ke iya rubuta umarni da kansu sun bazu a duniya. Suna sauƙaƙa aiki, amma su ma suna kuskure. Wanda bai san jeri da sharaɗi da maimaici ba, ba zai gane kuskurensu ba. Mai wannan sana'a ɗalibi ne har tsufanshi.

Abu na ƙarshe shi ne amana. Mai rubuta manhaja yana ganin kuɗin mutane, da sunayensu, da asirin rashin lafiyarsu. Maƙerin da ya rage azurfar da aka ba shi, ko ya gauraya ta da ƙarfen banza, ya zubar da sunan gidansu. Haka wanda ya yi amfani da iliminshi ya saci kuɗi ko ya tona asirin mutane: ɓarawo ne, kuma doka tana hukunta shi.

Abin riƙewa

Kwamfuta tana bin umarni ne kawai. Manhaja tarin umarni ce, mai zaune bisa jeri, sharaɗi da maimaici. Rubuta manhaja sana'a ce da ake koyo sannu-sannu, mace ko namiji, kuma ana iya fara ta da alli da allo.

Ma'anar kalmomi

Manhaja: tarin umarnin da ke sa kwamfuta ko waya ta yi wani aiki.
Algoritim: jerin matakai a tsare, mai farko da ƙarshe.
Sharaɗi: abin da sai ya cika kafin a yi wani abu.
Magagari: ƙarfe mai kaushi da maƙeri ke goge aiki da shi.
Fangali: yankin lambu da aka kewaye da ƙasa don ya riƙe ruwa.
Jika: kuɗin sefa 1000.

Tambayoyi

1. Don me aka ce kwamfuta ba ta da wayo?
2. Mene ne zai faru in maƙeri ya yi mataki na biyar kafin na huɗu?
3. Daga sunan wa aka samo kalmar algoritim? A wane gari ya yi aiki?
4. Waɗanne ne duwatsun murhu uku na manhaja?
5. A wace shekara aka shigar da Tifinag cikin Unicode?
6. Wace wahala Abdu Maman Kane ya yi ma magani?
7. Don me ake buƙatar amana a wannan sana'a?

Aiki

1. Kowane ɗalibi ya rubuta matakan dafa shayi a kayenshi, daga hura wuta zuwa kofi na uku. Ya ja layi ƙarƙashin sharaɗi guda da maimaici guda.
2. A sake lissafin albasa: buhu 25, kowane jika 18. Wace amsa kwamfuta za ta rubuta? Wace amsa za ta rubuta in an sa alamar tarawa?
3. Wasa a filin lakwal: ɗalibi guda ya zama kwamfuta. Umarni uku kaɗai yake ji: "taka gaba", "juya dama", "juya hagu". Sauran su rubuta umarnin da zai kai shi daga ƙofar aji zuwa gindin tuta. In ya kauce, a nemo layin da ke da kuskure, a gyara, a sake gwadawa.
4. A juya "Abin riƙewa" zuwa Faransanci.
5. Kowa ya tambayi wani mai sana'a na unguwarsu matakan aikinshi, ya rubuta su a jere, ya karanta ma aji.